Baƙin Salatif a Idon Wayata

Ranar Litinin da hantsi maigidana ya tsaya a ƙofar gida, a gaban Direba maƙwabcinmu, ya yi alkawarin zai sa wayata ta yi kwana uku cur ba ta ga caja ba. Babu wanda ya roƙe shi. Ni abin da na faɗa kawai shi ne ina tsoron kada ta mutu mini a hanya.

Tsoron nawa da dalili. 'Yarmu ta fari, wadda muke kira 'Yar Baba, ta shiga watan haihuwarta, kuma haihuwar fari ce. Garin da take aure tafiyar awa tara ce a jirgin ƙasa, jirgin kuma ranar Alhamis kaɗai yake tashi daga wajenmu. In ka rasa shi sai wata Alhamis ɗin. Mijinta ya saya mini tikiti, amma ba takarda ba ce, cikin wayata ya turo shi. Wani ɗan zane ne mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, kamar tururuwa ta taru a kan sukari. Ya ce a bakin ƙofar tasha za a haska shi da na'ura, in ta yi ƙara na wuce. Tun da na ji haka nake kallon wayar nan kamar ƙwai a bakin tebur.

Maigidana shekara ashirin da shida ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar wuta, shi ya sa duk layinmu Mai Mita suke kiransa. Tun da ya ajiye aiki bai da sana'ar da ta wuce bin mu a baya yana kashe fitila. Kana cikin ɗaki ma in ka yi shiru da yawa sai ya kashe. A ganinsa babu abin da ke aiki da wuta a duniyar nan wanda bai san halinsa ba.

Ya karɓi wayar ya juya ta, ya nuna mana wani ɗan baƙin ɗigo a can sama kusa da inda ake kara kunne. Ya ce wannan ido ne, kuma shi ne ɓarawon. Wai an bar wa waya ikon daidaita haskenta da kanta, abin da suke kira otomatik, ita kuwa ba ta da tattali, da ta ga rana sai ta buɗe haske gaba ɗaya kamar an bar yaro da famfo. Maganin abin, in ji shi, a ƙwace ikon a dawo da shi hannun mai hankali.

Direba, wanda tasi yake ja kuma wayarsa a gaban mota take yini, ya ce shi dai tasa otomatik take tun da ya saye ta. In ya shiga inuwa ta rage, in ya fito rana ta ƙara, kuma har yamma tana kai shi. Ya ce mutum ne ke ƙara haske ya manta bai rage ba, waya ba ta mantuwa.

"Kai fa sitiyari ka sani," in ji maigidana. "Ni da wuta mun san juna tun kana koyon ribas."

"Karanta ta ka yi, Mai Mita, ba haɗa ta ka yi ba. Ni ma kullum ina karanta allon asibiti, ban zama likita ba."

Shi ke nan magana ta zama musu, musu ya zama gasa, kuma wayata aka zaɓa ta zama filin. Na ce wa maigida ga tasa nan a aljihu, me ya hana a gwada da ita. Ya ce tasa ya riga ya gyara ta tuntuni, ba ta da sauran abin koyarwa. Aka cika tawa taf, ya kashe otomatik, ya ja ɗan layin hasken nan har ƙarshen hagu, ya ce kada wanda ya sake sa ta a caji sai na hau jirgi.

A cikin ɗaki abin bai yi muni ba. In ka runtse ido kaɗan kana ganin rubutu kamar ta bayan labule. Da azahar ina shanya a tsakar gida wayar ta yi ƙara, da kiɗan da na sa wa 'Yar Baba ita kaɗai. Na ciro ta, ban ga komai ba sai fuskata da ɗankwalina a karkace. Na goga yatsa dama, na goga hagu, kiran ya katse. Na ce shi ke nan naƙuda ce. Na kwasa da gudu zuwa ɗaki, na yi karo da bokitin wanki, ruwan kumfa ya bi ni har bakin gado. Da na kira ta ina haki, ashe cewa za ta yi kada in manta da ɗan bargon nan mai ruwan toka.

Na kai ƙara wurin maigida, ƙafata na zafi. Ya ce wannan ƙaramar matsala ce, rana ce ta yi yawa, ba hasken waya ne ya yi kaɗan ba. Ya ɗauko kwalin sabulu, ya yanke masa ƙofa daidai faɗin fuskata a gefe guda, ya huda wajen shigar hannu a ƙasa. In waya ta yi ƙara ina waje, sai in sa ta ciki, in cusa fuska, in ga komai tas. Har igiya ya ɗaura masa don ratayawa.

Ranar Talata da kwalin na fita sayen kayan jarirai. Kunya ta hana ni rataya shi, na rungume shi kamar saƙo aka ba ni. Ina tsakiyar titi wayar ta sake ƙara da kiɗan 'Yar Baba. Na duba gabas na duba yamma, na ce haihuwa ta fi kunya, na tsaya jikin wani shago na zura kaina. Ina ciki ina amsa mata cewa e, na sa bargon a jaka, na ji an dafa kafaɗata. Mai shagon ce, da kofin ruwa a hannu, tana tambaya ko amai nake ji. Mutum uku sun tsaya. Wani dattijo yana ba da shawarar a kwantar da ni ta gefen hagu.

Da na samu na shige cikin shagon, inda ido ke ɗan gani, na lalubo layin hasken na ja shi har ƙarshen dama. Wayar ta washe kamar an buɗe taga. Na ji daɗi har raina, na jefa ta jaka, na ci gaba da ciniki, kuma Allah ya sani na manta da ita. A hanyar dawowa na kalli hotunan 'Yar Baba tun tana goyo, na kalli tikitina sau wajen goma don in tabbata bai gudu ba.

Maigida yana jirana a ƙofa da tsohon littafinsa na aiki. Tun ranar Litinin yake rubuta lissafin batirin kamar yadda yake rubuta mita, lokaci a layi ɗaya, kashi nawa ya rage a ɗaya layin. Ya danna wayar, hasken ya dake shi a ido har ya ja da baya. Saura kashi hamsin da takwas. Direba yana wanke mota a gefe, ya leƙo ya gani, ya ce ai abin da ya faɗa ke nan, hannu ke ƙarawa ya manta. Maigida ya ce tsarinsa ba shi da laifi, ma'aikaciyar ce ba ta samu horo ba. Ni ce ma'aikaciyar.

Ya shiga ɗaki ya yi kusan rabin awa, ya fito yana murmushi da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Ya ce ya gano hanyar da ko kamfanin wayar bai sani ba. Zai mayar da otomatik ɗin, tunda Direba na sonsa, amma zai ɗaure masa ido. Ya yanki salatif ya manna a saman wayar, ya rufe ɗigon nan da duk abin da ke kusa da shi, ya danne da babban yatsa. Nan take fuskar wayar ta dushe.

"Yanzu a wurinta kullum tsakar dare ne," ya ce. "Ko a kan kwanon rufi kika ajiye ta da rana tsaka, ita barci take."

Direba ya matse tsumma ya ce to Allah ya sa kada ta yi minshari.

Laraba gaba ɗaya maigida bai je ko'ina ba. Duk bayan minti biyar sai ya shiga bayan ƙofa inda ke da duhu, ya kunna wayar, ya karanta, ya rubuta. Wani lokaci ya kunna sau biyu don ya tabbatar da na farko. Direba ya ce masa ta katanga, in mutum yana buɗe tukunya kowane minti biyar don ya ga ko ruwa ya ƙafe, tururin da ke fita shi ke ƙafar da ruwan. Maigida ya ce aunawa ba ta cin wuta, shekara ashirin da shida yana auna ta gidajen mutane ba a taɓa cewa ya rage musu ba.

Da la'asar saura kashi ashirin da shida. Da ya shiga wanka na ɗauke wayar na kai ta kicin, na sa a caji bayan buhun gawayi, na rufe da murfin tukunya. Ko minti huɗu ba a yi ba sai ga shi da tawul a wuya da kumfa a kunne. Wai daga banɗaki ya ji gudun mita ya canza. Ya zare cajar, ya naɗe ta, ya sa a aljihun wandon da zai sa gobe. Na ce masa Baban 'Yar Baba, ka ji tsoron Allah, jikarka ko jikanka ne fa a hanya. Ya ce saboda jikan ma yake yi, yana so ya taso ya tarar kakansa ya bar tarihi.

Alhamis da safe saura kashi goma sha tara. Ya ce goma sha tara a hannun masani ta fi casa'in a hannun almubazzari. Direba ya loda jakata babba a but ɗin mota, maigida ya ɗora kwalin sabulun a kai, ya shige gaba ya harɗe.

Muna fita layinmu na kira mijin 'Yar Baba, tun ina cikin inuwar mota ina iya ganin sunansa, na ce masa mun kamo hanyar tasha. Muka gaisa, ya yi mini fatan sauka lafiya. Na cire wayar daga kunne, fuskarta baƙi ƙirin, ko ɗan dusu-dusun nan babu. Na danna inda jan maɓallin yake zama, na jefa ta jaka. Abin da ban sani ba, kusa da idon haske akwai wani idon, wanda ke kashe fuskar waya in ta ji kunne a jikinta, kuma salatif ya rufe su duka biyun. A wurin wayar har yanzu tana manne da kunnena. Kwana biyun nan ban lura ba saboda 'Yar Baba ce ke kira, kuma ita ke fara kashewa. Mijinta kuwa yaro ne mai kunya, tun da ya auri 'yata bai taɓa kashe waya kafin in kashe ba.

Tafiyar minti arba'in ce da cunkoso, maigida bai rufe baki ba. Ya yi bayanin yadda zai rubuta wa masu ƙera waya wasiƙa. Ya ce zai buɗe aji a ƙofar gida, Direba zai zauna a layin gaba. Daga nan ya gangaro kan surukinsa, ya ce yaron kirki ne, amma digiri biyu gare shi kuma ya tabbata ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira ma'aikaci. Ya ce in na isa in duba masa mitar gidansu, ya san ana cutarsu.

Ƙofar shiga tashar a fili take, babu rumfa, rana ta fito sosai. Layi ya yi tsawo, wata ma'aikaciya mai hula tana tsaye da na'ura a hannu, kowa ya miƙa waya, ƙit, ya wuce. Saura minti goma sha biyu jirgi ya tashi layi ya zo kaina. Na ciro waya na danna. Babu komai. Na sake dannawa. Ma'aikaciyar ta ce Mama ko ta mutu ne.

Maigida ya matso ya ce a ba shi wuri, ba mutuwa ta yi ba, tattali take. Ya kare ta da tafin hannu, bai ga komai ba. Ya cire hula ya kifa a kai ya leƙa ta gefe, bai ga komai ba. Ya ɗaga murya ya ce a kawo kwali. Direba ya taho da shi a kan hannu biyu kamar mai kawo kyautar girmamawa, har da ɗan rusunawa. Maigida ya zura kai ciki. Na bayanmu suka fara magana. Wata mata ta ce in hoto zai ɗauke mu ya bari mu gyara tsayuwa. Wani mai jakar baya ya ce shi dai ya ga ana duba waya, bai taɓa ganin ana shiga cikinta ba.

Maigida ya fito da kai yana gumi ya ce kwalin na shan haske ta kusurwa, ana bukatar duhu na gaske. Kafin in ce wani abu ya zuge babbar jakata, ya kwashe kayan jarirai ya ɗora mini a hannu, riguna da safa da bargon mai ruwan toka, ya durƙusa a ƙasa, ya cusa kai da kafaɗu cikin jakar, ya ce Direba ya ja zif ɗin zuwa wuyansa. Direba bai taɓa yi masa biyayya da sauri irin na ranar ba.

Ma'aikaciyar ta ce in koma gefe ta sallami sauran. Ina tsaye rungume da kaya ina kallon mutane na wucewa ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya yi hon na farko. Wani mai gadi ya iso da sanda, ya tsaya a kan maigida, ya tambayi ko wane ne wannan kuma me yake nema a jakar mata. Direba ya ce masani ne, bincike yake.

Daga cikin jakar muka ji muryarsa a toshe. Ya ce a yi shiru, wayar tana magana. Ya ce wallahi wani abu a ciki yana cewa Baba, Baba. Mai gadin ya ja da baya taku ɗaya.

Ni dai ban san lokacin da na zube kayan hannuna a kan bayan maigida ba. Na zuge zif ɗin, na fizge wayar, na miƙa wa ma'aikaciyar da hannu biyu. Na ce 'yata ce za ta haihu, haihuwar fari, ki taimake ni don Allah. Ta juya wayar, ta ga salatif, ta tambayi wanda ya yi wannan aikin. Maigida ya miƙe, safar jariri ɗaya a kafaɗarsa, ya gyara murya ya fara da cewa shekara ashirin da shida. Bai kai ga ƙarshen jimlar ba ta sa farce ta ɓare salatif ɗin.

Wayar ta buɗe ido ta ga rana, ta haska da kanta tas, har na bayan layi suna gani. A fuskarta ga sunan surukina, ga lokaci yana tafiya, minti hamsin da ɗaya. A can sama batiri ya yi ja, saura kashi biyu. Ma'aikaciyar ta ce ai kira ne a kai, ta danna lasifika don ta ce wa mai kiran ya kashe. Dariyar 'Yar Baba ce ta fara fitowa, irin wadda take yi har numfashinta ya sarƙe. Sannan muryar mijinta, a hankali, da ladabi.

"Baba, barka da safiya. Ƙwan fitilar ni na canza da kaina shekaranjiya. Mama, ki kashe daga nan, kada jirgi ya tafi."

Layin nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Mai gadi ya jingina da ƙarfen ƙofa yana share ido. Ma'aikaciyar ta kashe kiran, ta ce ina tikitin. Na buɗe wajen hotuna, na wuce 'Yar Baba tana goyo, na wuce 'Yar Baba da kayan makaranta, saura kashi ɗaya, ga tururuwar nan. Ta ɗora na'ura. Ƙit. Ko sauke hannu ba ta yi ba wayar ta yi baƙi, wannan karon da gaske.

Maigida ya duba agogonsa, ya juya ya fuskanci jama'a, ya ce a shaida, daga hantsin Litinin zuwa hantsin Alhamis kwana uku ne cif. Direba ya ce ƙwarai, kuma a shaida a jaka aka ƙarasa su.

Ban tsaya jin sauran ba. Na tura kaya cikin jaka yadda suka samu shiga, na ja ta da gudu, wani bawan Allah ya ɗaga mini ita zuwa cikin tarago ana rufe ƙofa. Sai da na zauna, numfashina ya dawo, na ga soket a jikin bango daidai gwiwata. Kowace kujera da nata. Na leƙa ta taga, ga maigida can bayan shingen ƙarfe ya ciro cajata daga aljihu yana ɗaga mini ita sama, jirgi na tafiya.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ara mini tata bayan ta sa na ba ta labarin tun daga farko, ta kuma sa na maimaita wajen jakar don 'yar'uwarta da ke kujerar baya. Surukina ya tare ni a tasha, ya karɓi jaka, bai ce komai a kan digiri ba, ni ma ban ce ba. Washegari da la'asar 'Yar Baba ta sauka lafiya, hannunta cikin nawa. Mace aka samu.

Surukina ya ɗauki hoton jaririyar da wayata a bakin taga, fuskarta fes, na tura wa kakanta. Ba a jima ba ya kira. Ko barka bai gama yi ba ya ce wane irin asibiti ne wannan da ba su da fitila, shi bai ga komai ba sai baƙi, da wani abu kamar kunne. Ta bayansa ina jin Direba yana cewa ya ɓare salatif ɗin da ya manna wa tasa wayar mana, ga mutane sun taru suna son ganin jika.

"Ba daga nan ba ne," in ji maigidana. "Ki ce wa yaron nan ya sake ɗauka, ya kunna fitila tukuna. Na san bai iya ba, ki nuna masa makunnin."